Ki Sauke wa Editarki Kaya Kafin Litinin

Yendi,
ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga 'yata Rahinatu, Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko a tashar Tamale kina jiran mota ta cika, ko a hanya, ko kin riga kin sauka gidan gwaggonki a Kumasi. Allah ya tsare hanya, ya tsare direba daga gyangyaɗi da gaggawa, ya sauke ki lafiya.

Na sa ta a aljihun jakar kwamfutarki ne don na san in na faɗa miki da baki za ki yi dariya ki ce, "Baba, kai da ko waya sai an danna maka." Gaskiyarki. To amma takarda ba a katse mata magana. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya tsufa, kuma layukan suna gangarawa kamar hanyar rafi. Da can ba haka nake rubutu ba.

Ranar Litinin za ki zauna gaban mutanen kamfanin nan. Kin ce za su ba ki aiki ki rubuta kod, wato umarnin da na'ura ke bi, a kan kwamfutarki suna kallo, in sun gamsu su ɗauke ki. Sati uku ke nan ina zaune a kujerata ina kallon yadda kike fama da manhajar da kike rubutun a cikinta, wadda kuke kira edita. Ki buɗe ta, sai ki tashi ki ɗora mini ruwan shayi ki dawo ba ta gama buɗewa ba. Ki danna harafi, sai ya yi tunani kafin ya fito. Wata rana ta sandare gaba ɗaya, aikin wuni ya tafi, kika dafe kai. A ranar ne Afa Yakubu maƙwabcinmu ya shigo gaisuwa, ya ji ƙarar fankar da ke cikin kwamfutar, ya ce, "Kai, Rahi, wannan abu na kuka kamar moto, babur ɗin nan na Fuseini na layinmu, a kan tudu. Ka ba shi ruwa ya sha mana!" Muka yi dariya har na yi tari. Da ya fita, sai kika ce, kina kallon ƙasa, "Ba komai Baba. In ta tsaya a gabansu, sai in dawo in zauna da kai." Wannan maganar ce ta sa na nemi biro.

Kin tuna na ce ki karanta mini sunayen ƙananan manhajojin da kika ɗora mata, ekstenshan ɗin nan? Kina karantawa ina ƙirgawa da carbi. Arba'in da ɗaya. Wannan tana yi wa rubutu launi. Wannan tana ƙarasa miki layi kafin ki gama tunani. Wannan tana ƙirga awoyin da kika yi kina aiki. Wannan tana jera layuka, waccan ma tana jera layuka. Har da wata kyanwa da ke yawo a ƙasan allo. Na ce, "Ita kyanwar me take kamawa?" Kika ce, "Ba ta kama komai, tana ɗebe mini kewa ne." Ban san kod ba, Uwani, kuma ba zan sani ba. Amma na yi shekara talatin da 'yan kai ina aiki da inji, kuma kusan duk kuskuren da ake yi da inji na yi shi da hannuna. Bari in ba ki labarinsu, ki ɗauki abin da zai yi miki amfani.

Na fara aikin akawu a wani ofis a Salaga ina ɗan shekara ashirin. Tafireta ɗaya ce a ofishin, baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ƙa'ida ita ce takarda ɗaya a sama, kwafi uku a ƙasa, da takardar kabon a tsakaninsu. Wata rana aka ce in buga sanarwar taro zuwa ga masu unguwanni goma. Na lissafa, na ga sai na buga sau uku. Na ce ina dalili? Na jera takarda goma da kabon tara, na tura su cikin injin da ƙarfi kamar mai ɗura wa akuya magani. Na riƙa dukan haruffan da duk ƙarfin yatsuna. Kafin azahar na gama, ina ta jin daɗin wayona, na sa a ambulan ban ko duba ba. Ranar taro mutum biyar suka zo. Sauran biyar ɗin abin da suka samu inuwar rubutu ce kawai, babu mai iya karanta ta. Kuma sandar wani harafi ta lanƙwashe, duk lokacin da na buga shi sai ya maƙale, sai na sa yatsa na ciro shi. Wata biyu ina haka kafin mai gyara ya zo daga Tamale. Shugaban ofishin, wani dattijo Bagonje mai sanyin murya, bai yi mini tsawa ba. Cewa ya yi, "Isiyaku, ka yi sauri na rana ɗaya, ka saya mana jinkiri na wata biyu."

Ba laifin kabon ba ne. Kabon abu ne mai kyau, yana rage wahala. Kowace ɗaya daga cikin arba'in da ɗayan nan ma na yarda wani mai hankali ne ya yi ta don ta rage wahala. Amma duk a akushi ɗaya suke ci. Ke kika gaya mini kowacce tana jan rabonta daga ƙwaƙwalwar kwamfutar, wasu ma tun ana buɗewa suke farkawa ko an kira su ko ba a kira su ba. To wadda ba ki taɓa ta ba tun bara, me take yi a bakin akushin? Ki zauna da jerin nan, ki tambayi kowacce, yaushe rabon da ki yi mini aiki? Wadda ba ta da amsa, ki sallame ta. Ba gaba ba ce, in kin buƙace ta gobe tana nan inda kika samo ta.

Daga baya aka mayar da ni Bawku. A can na samu manya biyu a kaina, mu kan kira su Dogo da Gajere a bayan idonsu. Kowanne yana son a nuna masa wasiƙa kafin ta fita. Dogo yana son a fara kowane sakin layi daga ciki, Gajere yana son a fara daga gefe. Ni kuwa ina son kowa ya so ni. Sai in kai wa Dogo ya gyara da jan biro, in sake bugawa, in kai wa Gajere ya mayar da ita yadda take da koren biro, in sake bugawa, in koma wa Dogo. Akwai wata wasiƙar neman a gyara rijiya a wani ƙauye wajen Zebilla da na buga sau bakwai. Sati biyu tana yawo tsakanin tebur biyu da ba su fi taku shida tsakani ba, mutane kuma suna can suna tafiya mil uku ɗiban ruwa. Ba su biyun nake zargi ba, don babu wanda ya san ina kai wa ɗayan. Ni ne na kasa cewa, ranka ya daɗe, wane ya riga ya duba. Ranar da na yi ƙarfin hali na faɗa, Gajere ya ce, "To me ya kawo ka nan? Aika mana!" Shi ke nan fa.

Na tuna da wannan ne ranar da na ga kin adana aikinki, layukan suka yi tsalle dama, suka dawo hagu, suka sake komawa, kina cewa, "Wai me ke damunku?" Masu jera layi biyu kika ɗauka, kowacce da ra'ayinta, kuma kowacce tana gyara gyaran 'yar'uwarta. Taura biyu ba ta taunuwa. Ki zaɓi ɗaya. In mutanen kamfanin suna da wadda suka saba da ita, ki bi tasu ko da taki ta fi miki kyau a ido. Baƙo ba ya zuwa ya sauya wa masu gida wurin ajiye tulu.

Yanzu ga wanda na fi jin kunyarsa, kuma shi ne zai fi yi miki amfani. A Bawku na auri mahaifiyarki Adiza, Allah ya jiƙanta. Tana sayen albasa daga wani manomi na Binduri tana kasawa a kasuwa. Wata safiya ɗakin ajiya ya ɗauki wari. Na shiga na shinshina, na ce buhun nan duka ya ruɓe, mutumin nan ya cuce mu. Ban tsaya ba, na hau keke na same shi a kasuwa, na gaya masa maganganu a gaban mutane. Bawan Allah bai ce komai ba sai, "Akawu, ka buɗe buhu?" Ban buɗe ba. Na dawo gida na tarar da mahaifiyarki ta shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida. Ta juye rabin buhun a wannan, rabi a waccan, ta nisanta su. Ta shinshina wannan, ta shinshina waccan. Ta ce, "Ba ya nan." Ta mayar da rabin mai lafiya cikin buhu. Ragowar ta sake raba shi biyu, ta sake shinshinawa. Haka ta yi ta yi, ina tsaye riƙe da keke, har ya rage 'yan ƙwayoyi a gabanta. Ta ɗaga guda ɗaya da ta yi laushi tana ruwa, ta miƙo mini, ta ce, "Malam, ga wanda ka je ka yi faɗa a kansa. Ka kai masa, ko in kai?" Na koma kasuwa da ƙafa, don in samu lokacin shirya abin da zan ce. Mutumin ya yafe, har ya ƙara mana kwano guda. Amma har muka bar Bawku, in ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce, "Akawu, yau ka buɗe buhu?"

Na ji kina cewa kwamfutar ce ta tsufa. Wataƙila. Amma kin buɗe buhu? Ki kashe rabinsu, ki yi aiki na ɗan lokaci yadda kika saba. In editar ta warware, mai laifin yana cikin waɗanda kika kashe. In ba ta warware ba, yana cikin waɗanda kika bari. Ki ɗauki wannan rabin ki sake rabawa. Na gwada da ƙwayoyin carbi, sau shida ya ishe ki. Kada ki canza abu biyu a lokaci ɗaya, don in ta gyaru ba za ki san wanne ya gyara ta ba. Kuma ki sani wani lokacin ruɓaɓɓiyar albasar ba ɗaya ba ce. In kin cire guda warin bai tafi duka ba, ki sake shimfiɗa tabarma. Mahaifiyarki ma ta kan yi zagaye biyu. In kin gama duk wannan har yanzu tana ja da baya, to lokacin ne za ki zargi kwamfutar, kuma ki zarge ta da hujja.

Akwai wani ɗan ƙarami. Ranar ɗaurin aurenmu na sa sabon takalmin da ban taɓa takawa ba. Na iso gidan surukai ina ɗingishi, ƙanin mahaifiyarki ya ce, "Wannan angon a kasuwa aka samo shi da rangwame?" Kin ce waɗannan abubuwa su kan sabunta kansu ba tare da sun yi sallama ba, ki tashi da safe ki tarar wadda ke aiki jiya ta canza hali. Ki hana su wannan daga yanzu har Litinin ta wuce. Abin da kika gwada ranar Asabar ya yi aiki, shi za ki shiga da shi. Ita kuma mai ƙarasa miki layi, kin ce sai da intanet take magana. Ki yi kwana biyu kina rubutu ba tare da ita ba, don ki tabbata hannunki bai manta hanya ba. Ba ki san yadda layin ofishinsu yake ba, kuma ba ita suke son ɗauka aiki ba.

Kyanwar kuwa, na bar miki hukuncinta. Ni dai da ni ne, da na ba ta hutu zuwa Talata.

Na huta, na sha shayi, na dawo. Abin da ya rage shi ne wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarki.

Ina shekara ta huɗu a Salaga aka kira mu jarrabawar buga tafireta a Tamale. Wanda ya ci za a kai shi Akra horo na shekara guda, daga nan sai babban ofis. A lokacin babu wanda ya kai ni sauri a duk gundumar, ba yabon kai ba ne. Amma mahaifina ya rasu, Inna, kakarki mai sunanki, ita kaɗai ce a gida, ƙafafunta suna kumbura. Na zauna a ɗakin jarrabawa, aka ce a fara. Na buga layi biyu da saurina. Sai na ga fuskarta. Na sassauta. Na bar haruffa biyu suka sarƙe, na ɗauki lokaci ina raba su kamar ban san yadda ake yi ba. Na faɗi da maki kaɗan. Na dawo Salaga na ce mata injin da aka ba ni ne ya lalace.

Tana tankaɗen gari a lokacin. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Injin ne ya tsaya, ko kai ne?" Ta ajiye rariyar, ta ce, "Isiyaku, na haife ka ne don ka zama ƙyauren ɗakina? Kumburin ƙafa na iya ɗauka. Amma ka ɗora mini faɗuwarka in riƙa yawo da ita, wannan ba ka kyauta mini ba." Kwana uku ba ta ci abincin da na sayo ba. Ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, kuma ni ɗin ma ban zauna da ita ba, don ba a daɗe ba aka tura ni Bawku. Ba a sake kirana jarrabawar ba.

Kada ki ɗauka ina kuka da rayuwata. Da na je Akra da ban haɗu da mahaifiyarki ba, da babu ke. Na ci, na sha, na aurar da yayyenki, na yi ritaya a garin da ake gaishe ni a kowace kwana. Alhamdu lillahi. Abin da ya tsaya mini a rai ba Akra ba ce. Ƙaryar ce, da kuma yadda na sa tsohuwa ta ji ita ce dutsen da na yi tuntuɓe da shi.

Uwani, duk abin da na rubuta a sama game da editarki kin fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Ke ce kika yi karatun. Sau biyu na ga kin buɗe jerin nan, kin kai hannu za ki kashe su, sai ki waiwayo ki dube ni, ki rufe. Idona ya yi rauni amma bai kai nan ba. Na san wannan waiwayen, na yi shi a Tamale.

Ba zan ɓoye miki ba, gidan zai yi shiru. Ke ce auta, kuma tun rasuwar mahaifiyarki muryarki ce kaɗai ke cika tsakar gidan nan. Zan ji shi, musamman bayan la'asar. Amma ba a daji kika bar ni ba. Afa Yakubu yana zuwa kullum da hantsi, ko ina so ko ba na so, ya ba ni labarin duk wanda ya faɗi a moto tsakanin nan da kasuwa. Mma Fati maƙwabciyarmu ta ce kokon safe da tuwon dare suna wuyanta, har ta ce, "Baba, in ka bar saura, ni da kai ne." Magungunan na jera su a kan taga yadda kika nuna mini, fari da safe, ja da yamma. Masallaci taku arba'in ne, sandata ta san hanya. Jiya ma na ɗebo ruwan alwala da kaina kina kasuwa, ban gaya miki ba ne.

Saboda haka ki shiga ɗakin nan ranar Litinin da edita mai sauƙi, wadda kika gwada kika yarda da ita. Ki yi iyakar abin da kika iya, da duk saurinki. In kin yi haka suka ce ba su ɗauka ba, ki dawo, ƙofa a buɗe take, zan sa a yanka miki zabo, kuma babu abin kunya a ciki. Arziki na Allah ne. Amma kada ki shiga da kaya arba'in da ɗaya kina jiran su faɗi a madadinki. Ba zan tambaye ki ba, amma zan sani, kuma nauyin nan ya fi ƙarfin ƙafafuna.

Ki gaishe da gwaggonki, ki taimaka mata da aikin gida ko ta ce ki bari. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci kafin ki shiga, kada ki je da yunwa. In sun tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ban sani ba, amma ga yadda zan nemo.

Ranar Litinin Afa zai zo ya zauna da ni don ya danna mini wayar in ta yi ƙara. In kin kira, kada ki fara da tambayar ko na sha magani. Na sha. Ki fara da abin da ya faru a ɗakin.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗe miki ƙirji, ya daidaita miki hannu da tunani. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙon gari. Na sallame ki da zuciya ɗaya, na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isiyaku